Yadda Ake Shuka Itacen Pin Oak Ya Kama, Daga Ƙwallo Har Ya Yi Inuwa

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi sun yi yawa a kan itacen nan pin oak, wani ya ce ya gan shi a bakin titi lokacin kaka ganyensa ya yi jawur kamar an tsoma shi a garura shi ma yana so a ƙofar gidansa, wani ya ce ya saya ya dasa shekara uku kenan amma ganyen sai rawaya yake yi kamar mai ciwon shawara, wata baiwar Allah kuma ta ce ta shuka ƙwallayensa sun fi ashirin ko ɗaya bai tsiro ba. Toh maimakon in riƙa amsawa ɗai-ɗai ina maimaita magana, bari in jero komai a nan daga farko har ƙarshe. Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu, itacen nan ba shi da fitina, yana jure laka, yana jure jiƙa, yana kamawa da wuri in an dasa shi, amma akwai abu biyu da ba ya yafewa, ƙasa mai kanwa da binne masa gindi da zurfi. Yawancin waɗanda suka kawo kuka in ka bi diddigi ɗaya daga cikin biyun nan ne.

1. Ka tabbatar shi ne

Sunansa na kimiyya Quercus palustris, kalmar palustris ɗin tana nufin na fadama, daga nan ma ka san halinsa. Asalinsa gabashi da tsakiyar Amurka ne da ɗan yankin kudancin Ontariyo a Kanada, amma an kai shi Turai da Ostireliya da Ajantina da Afirka ta Kudu ana shuka shi don ado. Yana kai mita 18 zuwa 22 a tsayi, faɗin inuwarsa mita 8 zuwa 14, kuma cikin dangin oak yana daga cikin masu saurin girma, in ya samu rana da ƙasar da yake so a shekara goma zai iya kai mita 8.

Abin da zai sa ka gane shi tun daga nesa shi ne tsarin rassansa. Na sama suna kallon sama, na tsakiya sun miƙe sambal a kwance, na ƙasa kuma sun sunkuyo, sai itacen ya ba da siffar dala. Ganyensa yana da yatsu 5 zuwa 7, tsakanin yatsun akwai gurbi mai zurfi kamar harafin U, kowane yatsa da ɗan tsini kamar gashi a bakinsa. Ƙwallonsa ƙarami ne, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, hularsa kuma fallau take kamar faifai, kan ƙwallon kawai take rufewa.

A kula: akwai ɗan'uwansa Quercus coccinea da suke kama sosai a ganye har masu sayarwa ma sukan ruɗe. Hular ƙwallon wancan tana rufe kusan rabin ƙwallon, kuma shi tudu mai bushewa yake so. In za ka saya ka duba takardar da ke rataye a jikin dashen ka ga sunan kimiyyar da idonka, kar ka tsaya a kan "ai oak ne".

Sannan kar ka tsorata in hunturu ya shiga ka ga busasshen ganye ruwan ƙasa ya maƙale a jikinsa ya ƙi zuba, musamman yana ƙarami. Halinsa ne, sai sabon toho ya zo yake ture tsohon. Wasu ba sa son ganin haka, ni kam yana burge ni, don lokacin da sauran itatuwa suka zama tsirara shi yana nan da rufin asirinsa.

2. Yanayi da wurin da za a sa shi

Gaskiyar magana itacen nan ɗan ƙasar sanyi ne, yana buƙatar hunturu na sosai wanda zai sa ya ajiye aiki ya yi barci na wasu watanni. A taswirar sanyi ta ma'aikatar gona ta Amurka yana yi daga shiyya ta 4 zuwa ta 8. In inda kake zafi ne shekara zagaye babu sanyin da ruwa zai kusa daskarewa, dan Allah kar ka wahalar da kanka da aljihunka, ko ya tsiro zai yi ta fama ne, kuma jan ganyen nan da ya ja hankalinka sanyin dare na kaka ne yake fito da shi.

Rana yake so cikakkiya, aƙalla awa shida a yini, ba ya son a yi masa inuwa ko kaɗan. Ka ba shi fili, ni shawarata kar ya gaza mita 8 daga bangon gida, kuma ka ɗaga kai ka duba babu wayar lantarki a sama. Mutane suna ganin ɗan dashe kamar sanda sai su manta abin da zai zama bayan shekara ashirin. Kar ka sa shi dab da hanyar mota ko ta ƙafa, saboda rassan nan na ƙasa masu sunkuyowa, ka yanke wannan jere na samansa su sunkuyo su maye gurbinsu, haka za ku yi ta yi da shi shekara da shekaru.

Jiƙa ba ta dame shi ba, ko ruwa ya kwanta a gindinsa lokacin da yake barcin hunturu yana jurewa. Amma kar a ɗauka kada ne, in ruwa ya kwanta makonni a lokacin da yake da ganye yana girma, saiwar tana shaƙewa.

3. Gwajin ƙasa, kafin ka kashe ko kwabo

Nan ne zan daɗe, don nan ne ake faɗuwa. Pin oak ƙasa mai ɗan tsami yake so, a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kanwar ƙasa, daga 5 zuwa 6.5. Da zarar ƙasa ta haura 7 ta shiga ɓangaren kanwa, sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana ɗaurewa, yana nan a ƙasar amma saiwar ba ta iya shansa, kamar mai ƙishirwa ne a bakin rijiya babu guga. Shi ne ganye yake yin rawaya, itacen ya yi ta ramewa a tsaye har rassa su fara mutuwa daga sama.

Yadda za ka gwada: ka ɗauki shebur ko ƙaramin cokalin lambu ka ɗebo ƙasa daga wurare biyar ko shida a kewayen inda za ka dasa, zurfin santimita 15 zuwa 20, ka haɗa a bokiti mai tsabta ka cakuɗa ka bari ta sha iska. Ko dai ka aika da ita ɗakin gwajin ƙasa, wanda shi ya fi, ko ka sayi ɗan kayan gwaji na takarda ko na ruwa mai canza launi. In da na gida za ka yi, ka jiƙa ƙasar da tataccen ruwa irin wanda babu gishirin komai a ciki, don ruwan famfo zai iya karkatar da sakamakon. Ƙaramar na'urar nan mai tsinke da ake soka wa a ƙasa mai araha, ni ban yarda da ita ba, sau da yawa lamba ɗaya take nunawa duk inda ka soka ta.

Akwai kuma gwajin gaggawa, ka zuba ruwan khal wato binega a kan busasshiyar ƙasa, in ka ga tana kumfa tana tsuwwa toh akwai farar ƙasa a ciki. In haka ta faru ka haƙura da pin oak a wannan wurin, wallahi haƙuri ya fi, don irin wannan ƙasar duk abin da ka zuba don ta yi tsami sai ta cinye shi ta koma yadda take. Gara ka nemi Quercus macrocarpa ko Quercus muehlenbergii, su ma oak ne kuma suna jure ƙasa mai kanwa.

In kuwa ƙasar tana tsakanin 6.5 da 7 babu kumfa, za a iya gyara ta da garin farar wuta, a barbaɗa a cakuɗa da ƙasar a fili mai faɗi. Amma aikin farar wuta ba na yau da gobe ba ne, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne suke juya ta a hankali, sai an yi watanni wani lokaci shekara, don haka ka zuba tun da wuri ka sake gwadawa kafin ka dasa. Yawan da za a zuba ya danganta da irin ƙasar, mai laka ta fi mai yashi ci, ka bi abin da sakamakon gwajin ya ce.

A kula sosai: gefen sabon gini, gefen daɓen siminti, ko inda magina suka binne ɓaraguzai, duk wuraren nan ƙasarsu takan koma mai kanwa ko da sauran filin lafiya yake. Kuma kar ka taɓa zuba toka ko farar ƙasa a gindinsa da sunan taki, guba ce a wurinsa. In ruwan da za ka riƙa ba shi irin mai barin farin ɓawo ne a jikin buta, shi ma a hankali yana ɗaga pH ɗin, ruwan sama da aka tara ya fi.

4. Ƙwallo ko dashe, da maganar kuɗi

Hanya huɗu ce. Ƙwallo kyauta ne in akwai itacen kusa da kai, lokaci kawai za ka biya. Sai ƙaramin dashe da ake sayarwa da saiwarsa tsirara babu ƙasa, shi ne mafi araha, amma lokacin barcinsa kawai ake samunsa kuma ba a barin saiwar ta bushe ko na awa ɗaya. Sai na cikin tukunyar roba, kuɗinsa tsaka-tsaki. Sai babba da aka tono da dunƙulen ƙasarsa aka naɗe da buhun algarara, shi ne mai tsada, ga kuɗin mota ga na masu ɗauka don nauyi gare shi ba na wasa ba.

Ni in za a bi tawa, a ɗauki matsakaici mai tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Babban dashe yana rasa saiwa da yawa wurin tonowa, sai ya yi shekaru yana jinya, ƙaramin kuma ya kama nan da nan ya zo ya tarar da shi. In filinka matsattse ne akwai irin da ake kira Green Pillar mai tafiya sama siriri, akwai kuma Crownright da Sovereign waɗanda rassansu na ƙasa ba sa sunkuyowa sosai, sun fi tsada kaɗan amma sun rage maka aikin yanka.

In na tukunya za ka saya ka roƙi a zare maka shi ka ga saiwar. In ta nannaɗe tana zagaya tukunya kamar gammo ka ajiye ka ɗauki wani. Ka duba kuma kansa ɗaya ne miƙaƙƙe, ba biyu suna takara ba.

Kuɗin da mutane suke mantawa: gwajin ƙasa, ɓawon itacen shimfiɗa, ragar kariya, ruwan shekara biyu, da mai hawa ya yanke rassa in ya girma. In kuma ka tsallake mataki na 3 ka dasa a ƙasa mai kanwa, ka ƙara da kuɗin maganin ƙarfe na kowace shekara har iya rayuwar itacen, kuma itace ne da kan kai shekara ɗari da wani abu.

5. In daga ƙwallo za ka fara

Wanda zai sayi dashe ya tsallaka zuwa mataki na 6. Ƙwallon pin oak sai a kaka ta biyu bayan fure yake nuna, kuma itacen ba ya fara bayarwa sai ya kai wajen shekara 15 zuwa 20, don haka babban itace za ka nema. Ka tsinta a watan Satumba zuwa Nuwamba in kana arewacin duniya, a kudanci kuma Maris zuwa Mayu. Kar ka ɗauki zubin farko, yawanci su ne masu tsutsa, ka jira zubi na biyu, ka zaɓi masu ruwan ƙasa masu nauyi waɗanda hularsu take fita da sauƙi. Duk wanda ka ga ɗan huji a jikinsa ka yar, ƙwaro ya riga ka.

Ka cire hulunan ka zuba a bokitin ruwa. Waɗanda suka taso sama fanko ne a zubar, waɗanda suka nutse su ne naka, ka bar su su kwana a ruwan su sha.

Yanzu ga inda baiwar Allahn nan ta yi kuskure. Ƙwallon nan ba ya tsirowa sai ya ji sanyi mai danshi na kwana 30 zuwa 45. Ka sa su a leda da ɗan yashi ko garin katako mai danshi, danshi fa na ce ba jagab ba, in ka matse a hannu kar ruwa ya ɗiga, ka bar bakin ledar a ɗan buɗe ka sa a firij inda sanyi yake tsakanin digiri 1 zuwa 5 a ma'aunin Salshiyas. A kula: ba firiza ba, in ya daskare ya mutu. Kuma kar ka baza su a ɗaki su bushe da sunan ajiya kamar sauran iri, ƙwallon oak in ya bushe ya gama aiki. Duk mako ka leƙa, wanda ya yi fumfuna ka cire, wanda ka ga ɗan farin hanci ya fito ya isa shuka.

Tukunya mai zurfi za ka samu, kamar santimita 30, da huji a ƙasa. Ka kwantar da ƙwallon a gefensa, zurfin santimita 2 zuwa 3, ɗaya a kowace tukunya. Ka rufe saman da ragar waya, don kurege da ɓera da tsuntsaye suna jin ƙanshinsa, in ba ka rufe ba da safe ramuka kawai za ka tarar. Wanda yake inda hunturu yake da ƙarfi zai iya shuka su kai tsaye a ƙasa tun kaka ya rufe da raga, sanyin Allah ya yi aikin firij ɗin. Ka shuka fiye da yadda kake buƙata, ba duka za su fito ba. Bayan shekara ɗaya, in ya yi yawa biyu, ka mayar da mafi ƙarfi wurin zamansa kafin saiwa ta fara nannaɗewa.

6. Rami da dasawa

Kayan aiki: shebur, diga in ƙasar da tauri, baro, sanda miƙaƙƙiya, wuƙa mai kaifi, filaya mai yanka waya, da tiyo ko bokiti. Lokaci kuma ƙarshen kaka bayan ganye ya bushe, ko farkon bazara kafin toho ya fashe. Kafin ka soka shebur ka tabbatar babu bututun ruwa ko gas ko waya a ƙarƙashi, waɗanda suke Amurka lambar 811 ake kira kyauta su zo su sa alama.

Da farko ka nemo ƙugun gindi, wato inda kututturen ya fara buɗewa ya haɗu da manyan saiwoyi. Sau da yawa a tukunya an binne shi da ƙasa, sai ka kwashe ƙasar sama da hannu har ya bayyana. Daga ƙugun nan zuwa ƙasan dunƙulen, wannan shi ne zurfin raminka, kar ka ƙara ko yatsa ɗaya. Faɗi kuwa ka saki hannu, ninki biyu zuwa uku na faɗin dunƙulen, gefensa ya gangaro kamar kwano. Kar ka sassauta ƙasan ramin, ka bar shi da taurinsa don kar itacen ya nutse daga baya. In ƙasar laka ce shebur ya sa bangon ramin ya yi santsi, ka kakkarce shi don saiwa ta samu wurin shiga.

Ka sa itacen, ka gitta sandar nan a bakin ramin, ƙugun gindin ya zama daidai da sandar ko ya ɗara ta da santimita 3 zuwa 5, musamman a laka. Na taɓa binne wani da zurfin kusan tafin hannu don ina ganin zai fi tsayuwa da ƙarfi, shekara biyu yana tsaye babu gaba babu baya, da na tono gindin na ga ɓawon ya fara ruɓewa wata saiwa kuma ta zagayo tana shaƙe shi, har yau abin yana yi mini ciwo. Itacen da ya fito daga ƙasa miƙe kamar turken lantarki babu buɗewa a gindi, an binne shi da yawa.

Na tukunya ka warware saiwar da ta zagaya, wadda ta ƙi ka yanke da wuƙa. Na buhu sai ya zauna a ramin sannan ka kwance igiya, ka yanke buhun da kwandon wayar aƙalla rabin sama ka fitar. Sai ka mayar da ƙasar da ka tono, ita ɗin dai, kar ka cika ramin da taki ko baƙar ƙasar saye, in ka yi haka saiwar za ta zauna cikin daɗi ta ƙi fita, ramin kuma ya zama kamar kwarya mai tara ruwa. In ka cika rabi ka zuba ruwa ya zauna, ka cika sauran ka sake zubawa. Kar ka hau da ƙafa kana kirɓawa. Takin zamani kuma a bar shi shekarar farko.

7. Ruwa, shimfiɗa da turke

Mako biyun farko kullum, daga nan duk kwana biyu ko uku har wata uku, sannan sau ɗaya a mako in babu ruwan sama har ya cika shekara biyu. Kowane bayarwa kamar lita 4 zuwa 6 ga duk santimita 2.5 na kaurin kututture, a zuba a hankali a kan dunƙulen ya shige. Ka soka yatsa kafin ka ƙara, in da danshi ka bari.

Ka shimfiɗa ɓawon itace ko guntayen katako ko busasshen ganye a kewayen gindin, kaurin santimita 5 zuwa 8, faɗin kamar mita ɗaya kowane gefe, ciyawa kar ta matso. A kula: a bar tazarar tafin hannu tsakanin shimfiɗar da jikin itacen. Tulin nan da ake yi a jingina da kututture kamar suri yana ruɓar da ɓawo kuma ɓeraye suna samun maɓoya su yi ta gwaguya.

Turke ba dole ba ne sai in wurin da iska ko itacen ba ya iya tsayuwa. In za ka sa, guda biyu, da ƙyalle mai faɗi mai laushi, a sassauta yadda zai ɗan riƙa rangaji don rangajin ne yake ƙara masa ƙarfi. Waya ko igiyar roba siririya tana yanka ɓawo. Bayan shekara ɗaya a cire. Abin da ya fi turke amfani shi ne raga a kewayen kututture, don zomo da barewa, da kuma injin yankan ciyawa wanda ya kashe ƙananan itatuwa ba adadi.

8. Yankan rassa

Shekara biyun farko sai wanda ya karye ko ya mutu kawai. Daga nan ka tabbatar kai ɗaya ne yake tafiya sama, in wani ya taso yana takara ka rage shi. Rassan ƙasa a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, ɗaya ko biyu a shekara tun suna sirara, kuma kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itacen a shekara guda. Pin oak yana riƙe matattun ƙananan rassa a cikinsa masu tauri kamar ƙusa, ka sa safar hannu da tabarau.

Reshe mai kauri yanka uku ake yi masa da zarto, na farko daga ƙasa ɗan nesa da kututture zuwa kashi ɗaya cikin uku, na biyu daga sama gaba kaɗan har ya faɗi, na uku a cire guntun da ya rage dab da kumburin da ke gindin reshen ba tare da an taɓa kumburin ba, don daga nan ne ciwon yake rufewa.

Gargaɗi babba, musamman ga na Amurka: akwai cutar da take busar da oak wadda naman gwari mai suna Bretziella fagacearum yake kawowa, ƙananan ƙwari masu bin ruwan itace su ne suke ɗauko ta su sauka a sabon yanka, kuma dangin jan oak irin su pin oak cikin makonni take gamawa da su. Don haka daga Afrilu zuwa Yuli kar a sa masa zarto sam, a bari sai tsakiyar hunturu. In iska ta karya reshe a lokacin dole ka yanka, ka shafe wurin da fenti nan take, wannan ne kaɗai lokacin da fenti yake da amfani a ciwon itace. Reshen da sai an hau tsani kuwa a kira masu sana'ar.

9. In ganye ya riga ya yi rawaya

Ka tsinko ganye ka duba. In filin ganyen rawaya ne amma jijiyoyinsa kore shar, kuma sabon ganyen bakin reshe ya fi tsohon yin haka, toh ƙarancin ƙarfe ne, wani lokaci har da manganis. Ka fara da gwada ƙasar, ka kuma tono gindin ka ga ko an binne shi ko ruwa ya yi yawa, don su ma suna kawo irin wannan.

Magani hawa-hawa ne. Feshin ƙarfe a ganye yana koranta shi da sauri amma ganyen da ya taɓa kawai, sabon da zai fito rawaya zai fito. Na zubawa a ƙasa ka nemi wanda aka rubuta EDDHA a jikinsa, shi ne yake aiki ko ƙasa ta haura 7, sauran nau'o'in suna ɗaurewa kamar ƙarfen da ke ƙasar, a zuba farkon bazara a bi da ruwa. Akwai haɗin farar wuta da gishirin ƙarfe da ake zubawa a ƙananan ramuka a kewayen inda inuwar rassa ta tsaya, yana da jinkiri amma ya fi daɗewa. Babban itace kuma allura ake yi masa a kututture, tana riƙe shi shekara biyu zuwa uku, amma huda jiki ce kuma aikin ƙwararru ne. Kar ka binne tsoffin ƙusoshi a gindinsa, ba ƙarfe ne babu a ƙasar ba, sha ne ya gagara.

In itacen bai wuce shekara uku ko huɗu ba kuma gwaji ya nuna farar ƙasa, ni dai da zan cire shi in sa wanda ya dace da wurin, ko in mayar da shi wani gefen mai tsami lokacin barcinsa, tunda saiwarsa gaza-gaza ce ba ta nisa ƙasa, yana jure ƙaura fiye da yawancin oak.

10. Ƙananan abubuwa

Za ka iya ganin ƙulli-ƙulli masu tauri a jikin ƙananan rassa, wasu har da ƙahoni, wani ɗan ƙaramin zanzaro ne yake sa ƙwai a ciki. In kaɗan ne ka datse reshen lokacin hunturu ka ƙona ko ka zubar nesa, feshi ba ya kai wa gare su. In bakin ganye yana ƙonewa a ƙarshen lokacin zafi dab da kaka, da ɗan layin rawaya tsakanin ƙonannen da koren, kuma duk shekara abin yana ƙaruwa reshe bayan reshe, a kai ganyen gwaji don akwai ƙwayar cuta mai suna Xylella fastidiosa da take yin haka. Masu dawaki da shanu da tumaki kuma su yi shinge, ɗanyen ƙwallon da sabon ganyen suna da sinadarin tanin mai yawa, dabba in ta ci da yawa yana taɓa mata ƙoda. Ganyen da ya zuba kuwa kar a ƙona shi, a daddatsa a mayar gindin itacen ya zama shimfiɗar baɗi.